Hanya Ta Huɗu

A tashar Agadas, shekarar fari, soja na mulki, motar Ingal ta ƙi cika. Wani tsoho ya leƙa ordinata, wato kwamfutar da ke cinyar wata budurwa.

"Ɗiyata, mi kike zanawa?"

"Shafin intanet na maƙeran azurfa, Baba. Baƙi sun daina zuwa, mu za mu je musu. Amma duk wanda ya shiga sai ya ɓace."

"Hanya nawa kika nuna mishi?"

"Goma sha biyu."

"Kin kashe shi! Shekara talatin ina jan ayarin gishiri daga Tegidda. Baƙo hanya kaɗan ake nuna mishi, kuma ko'ina ya tsaya, ya san inda rijiya take."

"To, shafin farko ne rijiyar. Hanyoyin su koma uku, kowace da sunanta a fili, har na'urar nema ta gane. Raƙumanka fa, Baba?"

Ya daɗe yana kallon gilashin ordinatar, kamar mai hango dabino daga nesa.

"Fari ya cinye su. Hanyar ce ta rage a kaina. In da wuri, ƙara ta huɗu, ki rubuta Illo madugu. Ko wani zai ɓace, ya neme ni."