Buƙatar Inna Mero ta Hau Sama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, Alhaji Datti, shugaban ƙungiyar manoma. Wakilan iyayenmu hakimai. Malamanmu masu daraja. Malaman gona na Birnin Kudu da Gwaram. Iyayena mata da kuka taso daga Maruta da Wurno da Farin Dutse. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Sunana Sadiqa Muhyiddeen. Ni ce na jagoranci matasan da suka haɗa manhajar da muke miƙa wa ƙungiya a yau. Mun gode muku da kuka ba mu amana, mun gode da kuka ba mu lokaci, mun kuma gode da kuka riƙa faɗa mana gaskiya.

Magana ta farko ita ce yadda muka yi aikin. Ba mu kulle kanmu a ɗaki shekara guda sannan mu fito muku da abin da ba ku nema ba. Kaɗan-kaɗan muke ginawa, duk bayan mako biyu mu kawo ku gani, ku gyara mana, mu koma. To amma mai aiki haka, buƙatu ne ke zubo masa ta ko'ina, wannan ya faɗa a kasuwa, wancan ya faɗa a ƙofar masallaci. Shi ya sa muka yi amfani da wata manhaja da muke kira allon buƙatu. Duk abin da mutum ya nema, sai mu sa shi a kai da sunansa da dalilinsa, a jera daga mafi gaggawa, kowa yana gani.

Magana ta biyu labari ne, kuma na nemi izinin masu shi.

Buƙatar da ke saman allon tun farko ta Alhaji Datti ce: manomi ya riƙa ganin farashin hatsi a wayarsa, don kada a yi masa wayo. Buƙata ce mai kyau, har mun fara aikinta. Sai muka je Maruta nuna abin da muka yi. Inna Mero, wadda ke noma masara ita da marayunta tun rasuwar mai gidanta, ta saurara har muka gama, sannan ta ce, "'Yata, bara tsutsa ta cinye min masara, alhali mutanen Wurno sun gan ta tun kafin ta iso mu. Da wani ya faɗa min, da na yi feshi. Kuma ni ba na karatun boko, sai dai a faɗa min da baki."

Muka sa maganarta a allo kamar yadda ta faɗa. Damina ta matso, mu kuma ba mu da yawa, buƙata ɗaya kaɗai za mu iya gamawa. Ban ɓoye wa kowa ba. A zaman ƙungiya na haska allon a bango, buƙatun biyu suna jere. Alhaji Datti ya karanta tasa, ya karanta tata. Sai ya ce, "Malama Sadiqa, sai an girbe ake maganar farashi. Ki ɗaga ta Mero sama, tawa ta jira."

Jama'a, da ba a rubuta maganar Inna Mero ba, da ta tsaya a Maruta, kuma da Alhaji bai gan ta da idonsa ba, da ba shi da abin da zai yi wa adalci.

Muka gama tsarin saƙon murya, wanda duk manomin da ya ga tsutsa zai sanar da sauran ƙauyuka da baki, kafin shuka ta yi ƙwari. Da tsutsar ta dawo bana, a gonar Inna Mero ta fara ɓulla. Ita ta danna wayarta ta yi magana, muryarta ta isa Wurno da Farin Dutse, malaman gona suka tabbatar, mutane suka yi feshi a kan lokaci. Gonarta kuwa, wajen rabi ya tafi kafin ta lura. Na je yi mata jaje cike da damuwa, sai ta ce min, "Bara na yi asara ni da maƙwabta. Bana ni kaɗai ce, kuma rabi ne. Alhamdu lillahi." 'Yan ƙungiya sun auna mata daga rumbunansu ba tare da ta roƙa ba.

Magana ta ƙarshe roƙo ne. Aikin bai ƙare ba, allon yana nan a buɗe, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku zo ku faɗa, babba da yaro, mace da namiji.

Allah Ya sa albarka a gonakinmu, Ya tsare amfaninmu daga kowace annoba, Ya raya marayunmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.