Ɗankwalina a Madubin Jif

Salama a gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena mata, ina gaisuwa. Ku yabi Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu, matar Iliya, wanda kuke kira Baban Murna. Ina sayar da atamfa a kasuwar Muda Lawal. Na tsaya ne in faɗi yadda Allah ya fisge mu daga bakin mutuwa, ni da maigidana, a cikin wani kwazazzabo da ko akuya mai hankali ba za ta shiga ba.

Kun san akwai lokacin da kujerar Baban Murna ta zauna wayam a nan kowace Lahadi. Kuna tambayata ina cewa aiki ne. To, ba wani aiki. Jif ya saya, tsohuwa 'yar Kwatano, ya ɗaga mata ƙafa, ya sa mata tayoyi kamar na tarakta, ya shiga ƙungiyar wasu mutane masu irin motar. Mece ce sana'arsu? Su bar kwalta mai kyau, su wuce ƙauyen Inkil, su nausa cikin duwatsu, su nemi hanyar da ta fi kowace muni su ce nan za su bi. Manyan mutane fa! Masu furfura, masu tumbi, wani har da jikoki. Mota ta hau dutse ta karkace, su yi ta ihu suna ɗauka a waya, sai ka ce yara sun ga biri.

Iyayenmu a ƙauye addu'a suke yi a gyara musu hanya don a kai mai naƙuda asibiti. Waɗannan kuma mai suke ƙonawa suna neman rami. Tir!

Kuma suna da doka. Duk wanda motarsa ta maƙale har ya nemi a ja shi da igiya, to sai ya ɗaura ɗankwali a madubin motar, ya yi ta yawo da shi har fita ta gaba, suna kiransa amarya. Wai ɗankwalin mace shi ne ƙarshen wulaƙanci. Maigidana kuwa abin taƙamarsa a duniya shi ne ba a taɓa ɗaura masa ba.

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi azumi. Ran nan ya ce, "Maman Murna, kina zagin abin da ba ki sani ba. Zo ki gani da idonki." Na ce zan zo. Ba don sha'awa ba, don in samu abin faɗa ne da hujja.

Farkon damina ne. Na fito sujada da kayan zumuntar mata a jikina, na bar Murna wajen maƙwabciya, na shiga gaban mota. Muka tarar da su sun jeru a bakin daji. Shugabansu, wani mai gajeren wando da suke kira Ciyaman, ya leƙo ya ce, "Madam, yau za ki ga maza." Na dube shi daga sama har ƙasa, na ce a raina, da ka ga kanka.

Muka yi ta hawa da gangara. Daga nan suka gangara cikin wani busasshen rafi, yashi a ƙasa, bango na jar ƙasa da dutse hagu da dama, ya fi soro tsayi. Sauran suka wuce ɗaya bayan ɗaya, suka haye tudu a can gaba. Mu ne na ƙarshe. A tsakiyar wurin motarmu ta nutse.

Maigidana ya taka wuta, ta ƙara nutsewa. Ya koma baya, yashi ya yi ta tashi. Ya fita ya tona da hannu, ya cusa duwatsu, ya dawo yana zufa. Cikin motar ya riga ya zauna a ƙasa.

A kanmu rana ce tarwai. Amma da na waiga wajen duwatsu, inda rafin ya fito, sai na ga hadari baƙi ƙirin ya sauka. Ni 'yar ƙauye ce, kun sani, an haife ni a bakin rafi. Na ce, "Baban Murna, ana ruwa a sama. Kira su su ja mu."

Ya ce, "Ina ruwan? Ko ɗigo kin gani?"

"Don girman Allah ka kira su."

"Ni? A ɗaura min ɗankwali a gaban matata? Allah ya kiyaye!"

Su kuma suna tsaye a tudu da igiya a hannu, suna kaɗa ta suna dariya. Doka ta ce ba a jan kowa sai ya roƙa. Suna ganin hadarin nan kamar yadda nake gani, amma dokar banza ta fi musu ran mutum.

Jama'a, tsoro ya kama ni, ga baƙin ciki. Na ga za a mai da 'yata marainiya saboda ƙyalle. Na rufe ido na ce, "Yesu, kai ka tsawata wa ruwa ya kwanta. Ban ce ka tsayar da wannan ba, amma ka fitar da mu. Wannan mutum ba ya jin maganata, ka nuna min abin yi."

Ban ji murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Hannuna kawai na ji a kaina. Ni da tun da aka ɗaura min aure wani namiji bai ga gashina a waje ba, na tuɓe ɗankwalin zumunta, na fita na ƙulle shi a madubi da hannuna.

Tudu ya ɗauki sowa. "Amarya! Amarya!" Maigidana ya daka min tsawa, na ce ya yi ta yi. Ciyaman ya gangaro da igiya yana rangaji, yana guɗa kamar mace, ɗaya na biye da shi da waya. Ya durƙusa zai ƙulla a bambar gaban motarmu ke nan sai muka ji shi. Wani rugugi daga bayan lanƙwasa, kamar tirela ta tsinke burki, ga iska mai sanyi da warin laka.

In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba! Ciyaman ya watsar da igiya, ya hau bango da hannu da ƙafa, takalmi ɗaya a ƙasa. Mai waya ya riga shi. Ba wanda ya waiwayo mu. Mazan ke nan.

Amma igiyar nan da ya yar, ɗaya bakin yana ɗaure a motar da ke tudu. Ita muka kama. Baban Murna ya tura ni gaba, sai kuma na ga ya juya wai zai ciro makulli. Na damƙi wuyan rigarsa na ce, "Ka koma, ni ma zan koma, sai ka san abin da za a gaya wa Murna!" Ya dube ni, ya kama igiya.

Ƙafarmu na taɓa tudu ruwan ya iso, ja wur, da itatuwa a ciki. Ya ɗaga jif ɗin nan da ake wa wanka kullum asuba, ya juya ta, ya tafi da ita muna kallo. Da ba a sauko da igiyar ba, da yau zaman makokinmu kuka gama. Halleluya!

Can a tudu wani ya ce, "Kash, ga sababbin tayoyi." Abin da ya dame shi ke nan. Maigidana ya zauna a ƙasa, ya cire rigarsa ya rufe min kai, ya fashe da kuka.

Ba wanda ya zo gaishe mu a cikinsu. Hoton da suka ɗauka dai sun yaɗa.

Na gode wa Yesu da ya ji ni a cikin rami. Iyayena mata, wadda mijinta ya kama wata hanyar wofi, kada ki gaji da addu'a, Allah yana ji, ki dogara gare shi. Motar ba a same ta da amfani ba, kuma ban yi kukanta ba. Mutumin nake so, shi aka ba ni.

Ga shi can a layin baya, Murna na kan cinyarsa, yana sunkuyar da kai. Baban Murna, miƙe su gan ka da ranka.

Ku yabi Ubangiji!