Albarushin da na auna da ido

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Dauda, direban bas ne ni, a Harlem nake zaune. Na tsaya yau in faɗi yadda Ubangiji ya raba ni da kishi.

Ɗana Ishaku yana da shekara ashirin da wani abu lokacin da ya saba da wani dattijo Bature, Mista Frank, tsohon soja da ke tsibirin Staten Island. Wasan harbi ya haɗa su. Kowace Asabar Ishaku zai hau jirgin ruwa ya tafi gidansa, su zauna a ɗakin ƙasa suna zuba albarushi cikin kwanson harsashi, sannan su wuce filin harbi.

In ya dawo ba shi da zance sai na Frank. In na yi masa Hausa ya amsa mini da Turanci a gajarce, amma in Frank ya kira sai hira da dariya. Ranar da na ji ya kira mutumin nan baba a waya, ture kwanon tuwona na yi. Ni na haife shi, ni na yi tuƙi cikin sanyi na biya masa makaranta!

Wata Asabar na ce zan bi shi. Na tarar Frank na auna albarushi a ɗan ƙaramin sikeli kamar mai sayar da zinariya. Ya ce in ya yi yawa, bindiga kan fashe a fuskar mai harbi. Na ce mahaifina maharbi ne a Zuru, a tafin hannu yake aunawa. Ishaku ya yi dariya, ya ce wannan ba irin bindigar kaka ba ce.

Dariyar ta ƙona ni. Da suka hau sama shan kofi, na ɗebi albarushi da ido na zuba a wasu kwansuna, na jera cikin nasu. Nufina su harba lafiya, sannan in faɗa musu da ido na auna, in ba su kunya. Na yi sallama na tafi.

Sai da jirgi ya bar tashar St. George maganar Frank ta dawo mini. Fuskar wa? Ta ɗana. Na kira Ishaku, bai ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Jirgi kuwa ba ya juyawa don mutum ɗaya.

Na durƙusa a gaban jama'a ina kuka. Na ce, "Yesu, ka bar mini yaron da idanunsa, ko da ba zai ƙara ce mini baba ba."

Muna isa Manhattan na hau mai komawa. Na same su a ƙofar gidan Frank, ba su je ko'ina ba. Ashe Frank kan leƙa kowane kwanso da tocila kafin ya sa masa kan harsashi. Ya ga waɗanda suka cika, ya zazzage duka, ya gaya wa Ishaku wai shi Frank ɗin ne hannunsa ya yi rawa wajen awo.

Ya ja ni gefe ya ce, "Ban faɗa masa ba. Kai ne ubansa."

Ni na faɗa wa Ishaku da bakina, a jirgi. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, da Hausarsa mai tuntuɓe, "Baba, mu je gida."

Haleluya! Mutumin da na tsana shi Allah ya sa ya tsare mini ɗa, ya kuma rufa mini asiri. Na gode wa Ubangiji. Wanda kishi ke ci a cikinku, ya kai wa Yesu tun bai kai hannu ga abin da ba ya gyaruwa ba. Amin.