Sati Shida Hannu a Rataye

A bencin asibiti wata tsohuwa ta miƙa wa budurwar da ke gefenta takardar hoton kafaɗarta.

"'Yata, duba mini. Likitan nan kamar ana korar sa."

"Jijiya ce ta yage, Mama. Ko aiki, ko gashin ƙashi."

"Wanne ya fi?"

"Babana aiki aka yi masa, ya warke sarai. Amma sati shida hannun yana rataye, ko riga sai an sa masa. Yaranki suna kusa?"

"Uku gare ni, kullum suna bugo waya."

"To, ai shi ke nan."

Tsohuwar ta daɗe tana ninke takardar.

"Shi gashin, mutum yana iya zuwa shi kaɗai?"