Ci Nike, Ba Sha Ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, salamar Yesu ta zauna a gidajenku. Ni ce Saratu ta Tibiri, yanzu ina Sabon Gari wajen ɗiyata Lidiya. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ni ke faɗi, magatakardar zumuntar mata na rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Kun san ni. Ni ce ke tsayawa bakin ƙofar majami'a ina sunsunar samarinku. Wanda na ji warin sigari a rigarshi, uwarshi za ta ji kafin a tashi sujada. To, yau ni zan kai ƙarar kaina.

Bara waccan babur ɗin kabu-kabu ya zubar da ni, ƙashin kumatuna na hagu ya karye. Ya warke, amma wurin ya lotsa kamar an danna ɗanyar tukunya da yatsa. Na koma rufe rabin fuska da mayafi, har waƙar zumunta na bari. Lidiya ce ta ji labarin likitocin da ke ɗebo kitse daga cikin mutum su cika mishi inda ya faɗa. Na ce, "A tsufana?" Ta ce, "Inna, ina son ganin fuskarki." Na yarda.

Kafin aikin, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya tambaye ni, "Iya, kina shan taba?"

Na ce, "Ni? Allah ya kiyaye!"

Ya rubuta. A raina ban yi ƙarya ba, don ni ba sha nike ba, ci nike. Garin tabar Jiratawa da 'yar kanwa, in dunƙula in tura a kumatu. Tun ina amarya uwar mijina ta koya mini, wai maganin haƙori. Ba hayaƙi, ba wanda ya sani. Cikin tsohon gwangwanin man zafi nike ɓoye ta.

Anka yi aiki, kumatu ya cika. Kwana uku na daure. Ran na huɗu zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in share tsakar gidan da anka riga anka share, in yi wa kaji faɗa. Sai na ce wa kaina, ai hagu anka yi wa aiki, ina ruwan dama? Na tura a dama. Wayyo, wayon banza!

Ran randebu, ranar komawa asibiti, majo ya taɓa wurin. Kumatun ya fara komawa, inda anka huda bai kama ba. Ya ce, "Iya, buɗe baki."

Na buɗe.

"Ba kin ce ba ki shan taba ba?"

"Ba na sha."

"To, wannan baƙin a dasashi fa?"

Na ce, "Ci nike."

Lidiya ta dafe kai. "Inna! Ke?"

Majo bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin san dashen albasa? Kitsen nan dashe ne, jini ne ruwanshi. Taba kuwa, a sha ta ko a ci ta, matse hanyar jini take. Abin da ya mutu ya mutu. In kin bari yau, wataƙila sauran ya kama."

Munka koma gida. Washegari da hantsi Lidiya ta tafi kasuwa, na tsinci kaina bayan madafa, gwangwani a hannu. Nan na durƙusa a kan toka. Na ce, "Yesu, na ɓuya bayan kalma ɗaya shekara da shekaru. Majo na ruɗa, kai ban ruɗe ka ba. Ba ni iyawa, ka riƙe hannun nan!" Na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mijina ya rasu. Da na tashi, na juye garin a masai.

Kada ku ce daga nan sai daɗi. Mako biyu bakina na tsinkewa da yawu, kaina na sara, kowa na gudun harshena. Duk sa'ad da abin ya taso, in kira sunan Yesu in tauna asawaki. Na cinye asawaki ya fi dami!

Sauran dashen ya kama. Halleluya! Ga fuskata, ba mayafi. Ɗan lotsin da kuke gani nan, inda kitsen ya mutu ne. Likita ya ce ana iya ƙarawa, na ce a bar mini shi, ina son in riƙa taɓawa.

Na gode wa Ubangiji da ya tone ni don ya warkar da ni. Kai mai ɓoyon abu, ko me kake kiranshi, faɗa wa Yesu sunanshi na gaskiya, ka dogara gare shi. Samari kuma, ranar Lahadi ina nan bakin ƙofa. Wanda ya gaji da sigari ya zo, ba zan gaya wa uwarshi ba. Ina da asawaki.