Ranar da Gero Ya Zubo Daga Rigata

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya fiddo ni daga ƙuryar ɗaki ya sake tsayar da ni a gabanku. Ku ce Amin mana! Haba, wannan Amin ta waɗanda ba su karya kumallo ba ce. Yauwa, yanzu na ji ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Hannatu, Maman Rahila, ƴar Maradi, ina zaune a unguwar Dar es Salam, nan Yamai. Tsofaffin cikinku sun san ni da baki da rawa, don in zumuntar mata ta fito ni ke ba da waƙa a gaba. Sun kuma san ranar da na daina zuwa. Yau zan faɗi labarin da bakina, na gaji da jin ana faɗinsa da raɗa.

Shekarun baya, ina wanka, na taɓa wani ƙulli a nonona na hagu, kamar ƙwallon dabino. Da muka je likita aka ce sankara ce, sai an cire nonon gaba ɗaya. Aka cire. Aka sa ni shimiyo, wannan maganin da ke sa amai, gashina ya zube tas. Gashin bai dame ni ba, kallabi ya rufe. Amma ƙirji fa? Gefe ɗaya a cike, gefe ɗaya a shafe. Na rayu, Allah ya yi mini wannan, amma ban iya duban madubi.

Na fara cusa tsumma a rigar nono. Tsumma ba nauyi, kafin in kai bakin gudro, titin kwalta, ya hau kafaɗa. Sai dabara ta zo mini: na ɗauki safar Baban Rahila, na zuba mata gero, na ƙulle. Kai, ya zauna daram! Na ce na gano abin da likitoci ba su sani ba. Haka na yi ta yawo da gerona, kasuwa da majami'a, ba wanda ya sani.

Sai ranar godiyar kaka. Kuna tune, kowa ya zo da amfanin gonarsa ana jerawa a gaban bagade. Muka fito da ankonmu, ana buga tulu, ina gaba, waƙa ta ɗauke ni, na sunkuya har ƙasa. Ashe zufa ta riga ta cinye safar. Sai na ji shaaa! Gero na zuba daga ƙarƙashin rigata a kan siminti, yana ta tsalle har ƙarƙashin benci. Kowa ya kawo nasa a kwano, ni nawa daga riga ya fito.

Ku yi dariyarku, yanzu ni ma ina yi. Ran nan ban yi ba. Masu tulu suka tsaya, wani ya yi dariya can baya, ni kuwa na dafe ƙirji na fita da gudu, ko takalmi ban ɗauka ba.

Daga ranar na rufe ƙofa. Fasto ya zo, na ce a gaya mishi ina barci. Matan zumunta suka zo, ina jin waƙarsu a tsakar gida, ban fito ba. Na ji haushin Allah ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wadda ta fi shan wahala ita ce Rahila, ɗiyata tilo. Tun da aka yi mini aikin, in ta zo rungume ni sai in juya mata kafaɗa, don kar ta ji wurin a shafe. Nonon da ta sha ke nan aka cire. Ita kuwa tana ɗauka ita ce ba na so.

Ana cikin haka aka sa ranar aurenta. Na ce mata, “Ku yi bikinku, innarki ta tsaya a matsayina. Ni ba ni shiga wannan majami'a.”

Ta dube ni, ta ce, “Mama, in ba ki zuwa, a fasa.” Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro, don na san taurin kanta, a wurina ta gado shi. Washegari ta je ta gaya wa Fasto a dakata da sanarwar auren. Dangin miji suka fara tambaya ko lafiya.

Wata rana da tsakar rana, an ɗauke kuran, ba wutar lantarki, ɗaki kamar tanda, na durƙusa a gefen gado. Ba addu'a mai kyau na yi ba, faɗa na yi. Na ce, “Yesu, ka ɗauki nonon, na haƙura. Ka bar ni na ji kunya a gidanka, ban haƙura ba tukuna. Yanzu kuma auren yarinyar nan zai lalace saboda ni? In kana ji, ka yi wani abu, ni dabarata ta ƙare a gero!” Na yi kuka har muryata ta dishe.

Ban ko tashi ba na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Mama Saratu ce, ga ta can zaune a cikinku tana ɓoye fuska. Tsohuwar nan ita ta share geron ran nan, ta kawo mini takalmina. Ta ce, “Hannatu, buɗe, ko in zauna nan rana ta kashe ni a ƙofarki.” Na buɗe.

Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini wani abu. Wai ta ji labarin wasu mata a unguwar Lamordé suna saƙa nono da kwarashi don waɗanda aka cire wa nasu, shi ne ta gwada da ragowar ulun da take yi wa jikokinta hula. Ƴan'uwa, ja da kore! Ga tsini a kai, har da ɗan tuntu! Na ce, “Mama, wannan nono ne ko hular jariri?” Na yi dariya har na zauna a ƙasa, dariyar da na manta yadda ake yinta. Ta ce, “To, tunda nawa bai yi ba, tashi mu je wajen masu iyawa.”

Muka hau taksi muka ƙetare gada, ina lulluɓe da gyale kamar amarya. Gidan wata Hajiya Mariyama ce, ƴar Damagaram. A ƙarƙashin rumfa mata ne zaune a tabarmi, Musulmi da Kirista, Hausawa da Zabarmawa, kowace da kwarashi da zare, ana hira ana saƙa. Ba mai biyan su, kuma ba su sayarwa. Hajiya ta karɓi na Mama Saratu ta jujjuya, ta ce, “Iya, Allah ya saka da alheri, amma ulu a zafin Yamai? Kan tabo? Ai sai ya ci mata fata. Zaren auduga muke sawa, mai laushi.”

Ta ja ni ɗaki. Na tsaya ina riƙe da riga, na kasa cirewa. Sai ta sa hannu a tata rigar, ta zaro nata saƙaƙƙen nonon na dama, ta aza mini a tafin hannu. Ta ce, “Maman Rahila, ni ma ƴar gida ce. Mi za ki nuna mini da ban gani ba?” Nan hawaye suka zubo mini.

Ba ta sa mini igiyar awo irin ta tela ba. Ƙoƙuna gare ta, manya da ƙanana, ta riƙa kifa su a kan nonon da ya rage har aka samu wanda ya yi daidai, da shi ake kwatanta saƙar. A bayan nonon suna barin ƴar kafa, ana cusa auduga, a ƙara ko a rage har ya zo ɗaya da ɗan'uwansa. In ya yi datti ki zare audugar ki wanke, ki shanya. Wata Bazabarma ta saƙa nawa, ina zaune ina kallo, tana ce mini “kala suuru”, wai sai haƙuri. Da na sa, Hajiya ta ce, “Sunkuya.” Na sunkuya. Ta ce, “Yi rawa.” Na yi, matan suna tafi. Ba abin da ya motsa, ba abin da ya zube!

Da na koma gida na ce wa Rahila a ci gaba da sanarwa, zan zo. Aka yi aurenta a nan, a kan wannan siminti. Na ba da waƙa, na sunkuya har ƙasa a daidai inda geron ya zuba, da gangan. Amma ba rawar ce shaidata ba. Da za a tafi da amarya, ta zo gabana ta tsaya nesa kaɗan, don ta saba ina juya mata kafaɗa. Na buɗe hannu. Ta faɗo, ta kwantar da kanta a gefen hagu, tana kuka, ta ce, “Mama, na ɗauka ba za ki ƙara riƙe ni ba.” Na riƙe ta har sai da dangin ango suka ce mota tana jira.

Yanzu kowace Asabar ina Lamordé da kwarashina. Mama Saratu ma tana zuwa, an dai hana ta ulu. In akwai wadda ke ɓoye ƙulli, don Allah gobe ki je likita, ni zan raka ki. In kuma an riga an yi miki aikin kina cusa tsumma, ki tare ni bayan sujada, ba wanda zai ji.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar faɗa, ya amsa ta da hannun tsohuwa da hannun Hajiya. Ku dogara gare shi, ku buɗe ƙofa in an buga. Rahila na nan da juna biyu, kuma jikan nan a wannan ƙirjin zan kwantar da shi. Halleluya!