Ƙaryar da Na Rubuta a Ƙarƙashin Hoton Yaya Rabi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Baba Fasto, dattawa, iyayena mata, da 'yan'uwana matasa. Salamar Ubangiji ta zauna tare da mu duka.

Sunana Ishaya. Da yawanku kun san ni a shagon kwamfuta na bakin tasha a nan Gaya, ni ne mai buga wa mutane takardu. Gidanmu kuwa yana wani ƙauye ne a ƙasar Ajingi, gaba da Toranke kaɗan. Mai ganga, kada ka ɗaga sanda tukuna, ba shaidar samun aiki na kawo ba. Na zo ne in faɗi yadda na kashe wa wata baiwar Allah aure da bakina, da yadda Ubangiji ya fizge ni daga hannun ƙarya saura ƙiris lokaci ya ƙure.

Da na gama makaranta na yi shekara biyu ina yawo da takardu, ba ko ƙyallin aiki. Sai na fara koyon wata sana'a ta intanet, tsara manhajar waya yadda ko tsohuwa ce ta ɗauka ba za ta ruɗe ba. A wannan sana'ar masu ɗaukar aiki ba ruwansu da satifiket. Fotifoliyo suke nema, wato kundin aikin da ka yi da hannunka, ka ɗora a intanet su gani. Ƙa'ida ta farko da aka koya mana ita ce, kafin ka zana komai sai ka je wurin mutanen da za su yi amfani da abin, ka zauna, ka tambaye su, ka saurara.

Na zaɓi in tsara manhajar da za ta riƙa tuna wa masu ciki ranar awo. Amma ban tambayi kowa ba. Ko mutum ɗaya! Na ce a raina, me matan ƙauyenmu za su gaya mini wanda ban sani ba? Girman kai ne, 'yan'uwa, ba wani abu ba. Na zauna a shago na ƙirƙiri tambayoyi, na ƙirƙiri amsoshi.

A irin wannan kundin akwai shafi ɗaya da ake sa hoton mutum guda, da sunansa, da maganar da ta fito daga bakinsa, don ya tsaya a madadin masu amfani da manhajar. Ina neman hoto kenan sai Innata ta aiko mini da wayarta in duba mata, wai ta cika. A ciki na ga hoton Yaya Rabi.

Yaya Rabi matar maƙwabcinmu ce, Malam Sale. Musulmi ne su, kamar yawancin ƙauyen, don gidajen Kirista a can ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shekarar da babana ya rasu, Malam Sale ne ya kira gayya aka nome mana gona. Tuwon Yaya Rabi kuwa ban san iyakar wanda na ci ba. Ita da Innata suna yin ƙuli-ƙuli tare, kuma a wajen suyar ne Inna ta ɗauke ta hoton, a tsakar gida, ba mayafi, ɗankwali ya zame, tana ta dariya da cikinta a gaba. Hoton cikin gida ne, na tsakanin mata.

Na kwafe shi. Na sa sunanta na gaskiya. A ƙarƙashinsa na rubuta da Turanci, kamar ita ke magana: “Mijina ba ya barina in je awo. Sai ya tafi gona nake sulalewa.”

Wayyo ni! Na fa sani sarai Malam Sale da kansa yake goya ta a babur ya kai ta asibitin Ajingi, ya zauna a gindin bishiya har a gama. Amma na lura mutanen da ke duba irin wannan aiki sun fi son labarin matar Arewa da miji ya danne. Abin da suke so na ba su. Na ɗora a shafina, yabo ya yi ta zuba, kaina ya kumbura. Har wani kamfani a Kano ya rubuto yana so mu gana.

Ban yi tunanin intanet ɗin da ke Kano shi ne a ƙauyenmu ba. Wani malamin makaranta ɗan garinmu ya gani, ya fassara da Hausa, ya jefa a guruf ɗin hira na 'yan gari a waya. Kafin azahar hoton matar Malam Sale ba lulluɓi yana wayar kowane ɗan acaɓa.

Ina shago da kwastoma a gabana wayata ta yi ƙara. Malam Sale ne. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, “Ishaya, abu ɗaya zan tambaye ka. Maganar nan da ke ƙasan hoton, daga bakin wa ta fito?”

'Yan'uwa, a nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, ni kuma na rufe ta da hannuna. Da na ce ni na ƙirƙira, da zagi kawai zan sha. Amma na tuna kamfanin nan, na tuna masu yabona, na ga idan aka ce ƙarya na yi shi kenan sunana ya ɓaci. Sai na ji bakina yana cewa, “Malam, ai mu a aikinmu ba ma rubuta abin da ba mu ji ba.”

Ya ce, “To, na gode.” Ya kashe waya.

Washegari ya ba ta takarda, saki ɗaya. Ta tafi gidan iyayenta a Toranke da cikin wata bakwai. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe cewa ba ta taɓa yin wannan magana da ni ba, ba wanda ya saurare ta. Innata ta je ta durƙusa ta ce hoton daga wayarta aka ɗauka. Malam Sale ya ce, “Inna, hoto na yarda. Maganar fa? Ɗanki ya ce daga bakinta ya ji.”

Kun san ƙa'idar maƙwabtanmu. Tunda saki ɗaya ne kuma tana da ciki, yana iya mayar da ita ɗakinta muddin ba ta haihu ba. Ranar da ta haihu idda ta cika, aure ya ƙare, sai dai a ɗaura sabo. Mahaifinta kuwa ya riga ya rantse ba zai sake ba Malam Sale ita ba. Na san wannan duka. Na san kullum rana ta faɗi wa'adin raguwa yake yi.

Me na yi? Na goge hoton daga shafin da 'yan garinmu ke gani, na bar shi a kundin da na aika wa kamfani. Na daina zuwa gida. Mako shida cur! Ina zuwa nan kowace Lahadi, ga kujerata can ta uku, ina tafi ina waƙa tare da ku. Abinci ya daina shiga, na rame, wasu cikinku har suna tambaya ko taifot ne. Ina ce musu aiki ne ya yi yawa, wata ƙaryar kenan a kan ta farko.

Ana saura kwana biyu in tafi Kano, da rana tsaka, Innata ta sauka daga acaɓa a ƙofar shago. Na miƙe in karɓi jakarta, ta janye. Ta ajiye wayarta a kan teburina.

Ta ce, “Riƙe abarka, ba na so. Ba gidan da nake shiga yanzu mata ba su ja mayafi ba.”

Na ce, “Inna, ki zauna ki sha ruwa mana.”

Ta ce, “Rabi ta shiga watanta. Ƙafafunta sun kumbura kamar turmi. Tun da abin nan ya faru ba ta sake zuwa awo ba, kunya ta hana ta, don har ma'aikatan asibitin sun ga hoton. Ishaya, ni na haife ka. Dube ni ka ce mini ita ta faɗi maganar nan.”

Na kasa ɗaga kai. Ta tsaya ta jira, ta jira, sannan ta juya ta tare wani acaɓan. Ko ruwan ba ta sha ba.

Za ku ce nan take na tuba ko? Ina! Zuciyata ta riga ta yi tauri. Na ce bari in sami aikin tukuna, daga baya na san yadda zan gyara. Washegari da safe ma har na wanke ƙafa na je wurin Baba Fasto, ga shi nan zaune, wai ya yi mini addu'ar nasara.

Baba ya ce, “Madalla, ɗana. Nuna mini aikin da zan roƙa wa albarka.”

Na buɗe kwamfuta ina nuna masa shafi-shafi. Da muka zo kan hoton ya ɗora yatsa. Ya ce, “Wannan baiwar Allah, mijinta ya san tana nan?” Ya ɗago ya dubi fuskata. Ya ce, “To, durƙusa. Ni ba zan fara ba. Kai ka gaya wa Ubangiji da bakinka abin da kake so ya yi maka, ni zan ce amin.”

Na durƙusa. Na buɗe baki in ce Uba ka ba ni aikin nan, harshena ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi. Gumi ya jiƙa mini riga. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne, “Yesu, ni maƙaryaci ne! Na kashe wa Yaya Rabi aure!” Na fashe da kuka kamar yaron goye, na zayyane komai, Baba yana riƙe da kafaɗata. Na ce Ubangiji ka riƙe cikin nan, kada ta haihu sai na isa. Ban ji wata murya daga sama ba. Amma tsoron da ya shaƙe ni mako shida, na ji ya sake ni, na iya miƙewa.

A ranar na hau babur zuwa gida. Bayan sallar la'asar maza suna zaune a ƙofar gidan mai unguwa, Malam Sale yana cikinsu. Na cire takalmi na zube a ƙasa. Na ce hoton sata na yi daga wayar uwata, maganar ni na ƙirƙira, Yaya Rabi ba ta san komai ba, kuma abin da na faɗa a waya ƙarya ce.

Ƙanen Malam Sale ya taso ya zabga mini mari, har yau kunnen nan bai gama dawowa daidai ba. Mai unguwa ya daka tsawa kowa ya zauna. Shi Malam Sale bai taɓa ni ba, da ma ya taɓa ni da ya fi mini sauƙi. Hawaye ne kawai ke bin gemunsa.

Ya ce, “Shekara goma sha biyar matar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na ƙaryata ta na gaskata ka, don kai ne ka yi boko.”

Kashegari mai unguwa ya ɗauke mu zuwa Toranke biko, ni ma aka tafi da ni in maimaita a gaban mahaifinta. A daidai lokacin ne ya kamata ina Kano gaban masu ɗaukar aiki. Tsohon ya ƙi, ya ƙi, sai da dattawa suka sa baki har rana ta yi sanyi sannan ya yarda. Muna zaure sai na ji muryar Yaya Rabi daga bayan ƙofa.

Ta ce, “Ishaya, da ka aiko Inna ta tambaye ni, da na gaya maka abin da ke damuna da awo. Katin ne ba na iya karantawa, sai in rasa ranar. Shi kenan fa. Me na yi maka?”



Na rubuta wa kamfanin na gaya musu gaskiya. Suka amsa da layi biyu, sun gode, sun janye. Har yau ina shagon bakin tasha. Na rushe kundin gaba ɗaya na fara sabo, kuma ba na rubuta kalma sai wadda kunnena ya ji, ba na sa hoton kowa.

Yaya Rabi ta koma ɗakinta ranar Talata. Ranar Lahadi naƙuda ta kama ta. Kwana biyar, 'yan'uwa! Da na tafi Kano na ce sai na dawo, da na makara. Ta sha wuya ƙwarai, sai da aka ƙara mata jini, amma ita da jaririyar suna raye. Ku ce haleluya, domin ba ni na riƙe cikin nan ba.

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba. Malam Sale yana amsa gaisuwata, amma ba ya kallona. Ranar suna ba a gayyaci Innata ba. Tana zaune a tsakar gidanmu tana jin guɗar mata, tana share hawaye da bakin zane. Sai da taro ya watse aka miƙo ɗan kwano ta kan katanga daga gidan Malam Sale, da nama yanka uku a ciki. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana riƙe da shi ba ta ci ba.

Na gode wa Yesu da ya tsayar da ni kafin in makara. Idan akwai wanda ke zaune a nan da wata ƙarya da wani ke ɗauke da nauyinta, kada ka ce sai ka sami abin da kake nema tukuna. Ka dogara ga Ubangiji ka je yau, zai ba ka ƙafar zuwa kamar yadda ya ba ni. Ku sa Yaya Rabi da jaririyarta a addu'a, ku sa Innata. Sunan Ubangiji ya sami ɗaukaka. Amin.